Farcen Ɓeran Masar: Yadda Ake Rage Shi Ba Tare da An Cutar da Dabbar Ba

Ɓeran Masar yana da farata 14, huɗu a kowace ƙafar gaba, uku a kowace ƙafar baya, kuma duk cikinsu babu wanda yake daina tsiro tun daga haihuwa har mutuwa. A cikin keji babu abin da zai cinye su yadda ya kamata. Saboda haka ko dai mai shi ya riƙa rage su, ko kuwa su yi ta tsawo suna lanƙwashewa har wani ya juyo ya soki tafin ƙafar da ya fito daga jikinta. Yawancin masu ajiye shi a gidajenmu sun san abin da yake ci, sun san a kare shi daga kyanwa da shaho, amma ba kowa ne ke ɗaga shi ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa ba. Wanda ya duba ɗin ma, sau da yawa tsoro ne ke riƙe masa hannu: kada in yanka jini ya fito. Wannan tsoron daga tausayi ya taso, ban musa ba. Amma a ganina ya fi almakashi cutar da dabbar, domin duk makon da aka ƙara ana jinkiri, aikin ƙara wuya yake yi, haɗarin zubar da jinin da ake gudu kuma ƙaruwa yake yi.

Asalin dabbar nan daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka yake, yankin da ya haɗa Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna kiwon ta domin nama, sai a ƙarni na 16 jiragen ruwan 'yan kasuwar Turai suka ƙetare da ita zuwa ƙasashensu, ta zama abin sha'awa a gidajen masu hali. Danginta na daji har yau suna nan cikin ciyawa da tsakuwar tsaunukan, kullum a tafe wajen neman abinci, ƙasa tana goge musu farce gwargwadon yadda yake tsiro. A ƙauyukan Peru, inda ake sakin su a ɗakin girki su yi ta zirga-zirga a daɓen ƙasa, batun farce bai cika tasowa ba, ga kuma wani dalilin da ya fi wannan: tun suna 'yan watanni ake yanka su a ci. Haka abin yake a tsaunukan yammacin Kamaru da gabashin Kwango, inda ake kiwon su don tukunya. Dogon farce matsala ce ta ɓeran da aka ajiye don sha'awa, wanda zai yi shekara 5 zuwa 7 a cikin akwatin da bai fi taku kaɗan ba. Duk wanda ya taɓa ganin kofaton ragon da ya daɗe a turke, yadda yake zarcewa ya karkace har tafiya ta gagari ragon, ya riga ya fahimci abin da ke faruwa da ƙafar wannan ƙaramar dabba. Mu muka hana ta yawon da zai gyara mata ƙafa, don haka haƙƙin gyaran yana wuyanmu.

Kafin a ɗauki abin yanka, akwai abu ɗaya game da ƙirar farcen da duk maganar ta rataya a kansa. Farcen ɓeran Masar ba shimfiɗaɗɗe ba ne irin namu, zagayayye ne mai rami a ciki. Ɓawon waje matacce ne, ba ya jin komai. Amma daga gindi akwai ɗanyen nama da ya shiga cikin ramin, yana ɗauke da jijiyar jini da jijiyar da ke jin zafi. In aka yanka a gaban wannan naman, dabbar ba za ta ji komai ba sai matsin ƙarfe. In aka taɓa shi, za ta yi ƙara, jini ya fito. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, naman nan ba a wuri ɗaya yake tsaye ba. Yana bin farce. In farce ya yi tsawo, shi ma sai ya miƙe ya bi shi, har ya kusa kai baki. In kuwa ana rage bakin farcen a kai a kai, sai ya riƙa ja da baya da kansa a hankali. Wannan ne ya sa ɓeran da aka yi wata shida ba a taɓa ƙafarsa ba bai yiwuwa a mayar masa da farce daidai a zama ɗaya. Wanda ya ce sai ya yi hakan, to ya shirya yanka nama a yatsu goma sha huɗu. Gyaran farcen da ya wuce misali aikin makonni ne, ana cire kaɗan ana jira.

Me ya sa ba za a bar shi haka ba, tunda dabbar tana ci tana sha? Domin dogon farce yana sauya yadda take taka ƙasa. Yatsa ba zai zauna miƙe ba in farcensa ya riga shi isa ƙasa, dole ya karkata gefe ko ya ɗaga sama, sai nauyin jiki ya koma kan dunduniya. Ƙafar zomo tana da gashi a ƙarƙashi da ke kare ta, amma tafin ƙafar ɓeran Masar fata ce tsirara. Namiji babba yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace kuma 700 zuwa 900, kuma duk wannan nauyin a kan 'yan ƙananan tafuka huɗu yake. In matsi ya taru a wuri ɗaya, fatar takan yi ja, ta kumbura, ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Wadda aka fi samu a irin wannan gyambon ita ce Staphylococcus aureus. Ciwo ne mai naci, yana ɗaukar watanni ana magani, in kuma ya nutsa ya kai ƙashi, warkewa sai an yi sa'a. Tun kafin a kai nan ma, lanƙwasasshen farce yakan maƙale a raga ko a zaren buhu, dabbar ta fizga da ƙarfi, farcen ya tumɓuke daga gindi. Wannan jinin ya ninka na kuskuren almakashi sau da yawa.

Sai kuma susa. Ɓeran Masar yana yawan kamuwa da wata ƙazuwa irin tasu mai haƙa cikin fata, da kuma makero, kuma da ƙafar baya yake susa. Dogon farce mai kaifi yana mayar da ɗan ƙaiƙayi ya zama rauni a wuya da kafaɗa, wani lokaci har ido. Kada kuma a jira dabbar ta nuna tana jin ciwo. Halittar da kowa ke farauta a daji ta saba ɓoye rauninta, don mai ɗingishi shi ake fara kamawa. Abin da za a lura da shi kawai shi ne ta rage yawo, ta fi son kwanciya a lungu. Rashin yawo yana kawo ƙiba, ƙiba tana ƙara wa ƙafa nauyi, farcen da ba a takawa kuma ba ya gogewa ko kaɗan. Haka abin zai yi ta zagayawa har sai wani ya katse shi.

Gane lokacin yanka ba wuya. A ajiye dabbar a wuri mai santsi, a sunkuya a kalli ƙafar daga gefe. In yatsun suna miƙe, bakin farcen yana ɗan taɓa ƙasa, lafiya lau. In farcen ya fara kwanciya gefe, ko yana ɗaga yatsa, ko ana jin ƙararsa a kan siminti, lokaci ya yi. Yawanci duk mako 4 zuwa 6 ne. Na 'ya'ya sirara ne masu tsini, tsinin kawai ake cirewa. Da shekaru suka ja sai su yi kauri, su fara murɗewa, musamman na ƙafar gaba da ke can gefen waje.

Abin yankan da ya fi dacewa shi ne ɗan almakashin farcen kyanwa, mai ɗan rami a baki wanda ke rungumar farcen ya yanke shi ta ko'ina. Inda ba a samu ba, abin yankan farce na mutane yana aiki, musamman ƙarami irin na jarirai, muddin yana da kaifi. Aibinsa shi ne yana matse zagayayyen farce tsakanin baki biyu miƙaƙƙu, don haka in farcen tsoho ne mai kauri zai iya tsage shi, tsagar ta bi har cikin nama. Maganin wannan shi ne a riƙa gutsurar kaɗan-kaɗan maimakon a danna gaba ɗaya. Dakusasshe ko mai tsatsa ba shi da amfani a nan. Reza kuwa a ajiye ta gefe ɗungurungum. Na san da ita da yawa daga cikinmu suka saba gyara nasu farcen, amma mutum yana riƙe yatsansa cik, ita kuwa dabba fizgewa take yi ba sanarwa, kuma yatsan nata bai fi a shafe shi da kuskure ɗaya ba. Almakashin ɗinki da filaya su ma ba su dace ba. A ware wa dabbar abin yankanta ita kaɗai, a goge shi da sifirit kafin aiki da bayansa, domin makero yana tsallakowa daga jikinta zuwa fatar mutum, yara ne kuma suka fi kamuwa. Sauran kayan su ne tawul, auduga, fitilar waya ko tocilan, ɗan garin fulawa ko sitacin masara a murfin kwalba, da abin da dabbar ta fi so ta ci, kamar yankin kokwamba ko koren tattasai ko ganyen latas. Duk a jera su kusa da hannu kafin a buɗe keji.

Riƙo ya fi yankan muhimmanci, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kuskuren almakashi ɗigon jini ne da ke tsayawa cikin 'yan mintuna. Kuskuren riƙo kuwa faɗuwa ce, kuma faɗuwa daga tsayin tebur ko daga hannun mutum a tsaye tana iya karya wa ɓeran Masar haƙoran gaba ko ƙafa ko ƙashin baya. Jikinsa mai nauyi ne, ƙafafunsa gajeru, ba ya iya juyawa a iska ya dira lafiya. Don haka a ƙasa ake wannan aiki, a zauna a kan tabarma, a shimfiɗa tawul a cinya. Wajen ɗaukar sa, hannu ɗaya ya shiga ƙarƙashin ƙirji a bayan ƙafafun gaba, ɗayan ya tallafe gindinsa, kada a bar rabin jikinsa na baya yana reto. Ba a ɗaukar sa ta fatar wuya, ba a matse masa ciki ko ƙirji, ba a jan ƙafa a miƙar da ita da ƙarfi.

In da hali a yi aikin mutum biyu. Mai riƙo ya jingina bayan dabbar da cikinsa, tana zaune a kan cinyarsa a ɗan miƙe, ƙafafun suna fuskantar mai yanka, hannunsa ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a ƙarƙashin gindinta. In mutum ɗaya ne, sai ya naɗe ta da tawul ba tare da ya rufe mata hanci ba, ya riƙa zaro ƙafa ɗaya-ɗaya. Akwai wata dabara da wasu ke yabawa, wai a kwantar da ita rigingine, sai ta yi tsit ba motsi. Gaskiya ne takan yi tsit, amma ba natsuwa ba ce. Sandarewa ce ta dabbar da ta ga an kama ta ta fid da rai, zuciyarta na bugawa da sauri, numfashi kuma yana yi mata wuya a haka. Ban yarda a sayi sauƙin aiki da irin wannan firgici ba, alhali zaman jingina yana biyan buƙata.

A gidaje da yawa ɓeran na yaro ne, shi ya saya da kuɗin asusunsa, shi yake yanko masa ciyawa. Yana da kyau ya kasance a wurin, ya riƙe kokwamba a bakin dabbar ko ya haska fitila, ya ga yadda ake yi. Amma riƙo da yanka na babba ne. Yaro in ya ji ƙara ko ya ga jini, abu na farko da zai yi shi ne sakin hannu. Mace mai tsohon ciki kuma a ƙyale ta sai ta haihu, in ba farcen ya shiga nama ba. Cikin nata yakan kai kwana 59 zuwa 72, 'ya'yan manya ne tun a ciki, matsi kaɗan yana iya jawo ɓari.

Wani abin da ya shafe mu musamman shi ne zafi. Dabbar tsaunuka ce, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyos, ba ta kuma iya fitar da zafin jiki ta hanyar gumi. Da zafi ya doshi 30 ta shiga haɗari ko ba a taɓa ta ba. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu yakan haura 40 da rana. A irin wannan lokaci, wanda ya naɗe ta cikin tawul da azahar, ga tsoro ga zafin jikin mai riƙo, zai iya rasa ta a hannunsa farce bai ƙare ba. A bazara da sassafe ake yi, a inuwa, da ƙyalle mara nauyi. In ta fara haki, ko dalala na zuba, ko jikinta ya saki, a tsaya nan take, a kai ta wuri mai sanyi, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu, ba ruwan ƙanƙara ba.

Yanzu yankan kansa. A riƙe ƙafar tsakanin babban yatsa da manuni, a ware yatsa ɗaya a hankali, a kawar da gashi in mai dogon gashi ne. A farin farce naman yana bayyana ja-ja ta cikin ɓawo, sai a bar tazarar kamar milimita 2 a gabansa a yanka. Kafin a danna, a ɗan matsa bakin ƙarfen a kan farcen a dakata. In dabbar ta zabura ko ta janye ƙafa da ƙarfi, an yi kusa da nama, a matsa gaba. In ba ta damu ba, a yanke da sauri sau ɗaya, kada a yi ta murzawa. A bar bakin farcen ya ɗan karkata yadda zai zauna daidai da ƙasa in ta taka. Sai dai a san cewa wasu tun ana taɓa ƙafarsu suke fara tsuwa. Wannan kukan ƙin riƙo ne, yana ci gaba ba yankewa. Na ciwo daban yake, ƙara ɗaya ce mai kaifi tare da fizga. Wanda ya yi aikin sau biyu-uku zai iya bambance su.

Baƙin farce shi ne mai wuya, kuma ɓera ɗaya kan iya haɗa fari da baƙi a ƙafa ɗaya. A shiga ɗaki mara haske sosai, a ɗora fitilar waya a bayan farcen. Sau da yawa bakin da ba komai a ciki yakan ɗan bar haske ya ratsa, inda nama ya fara kuma ya yi duhu. In baƙin ya yi yawa har haske bai ratsa ba, a dubi farin farcen da ke maƙwabtaka da shi, ko na yatsa irinsa a ɗaya ƙafar, a ɗauki awo daga nan. In duk babu, sai a bi ta hanyar da ba ta ɓata: a cire milimita 1, a kalli fuskar wurin da aka yanka. Muddin busasshe ne mai gari-gari, akwai sauran fili. Da zarar tsakiyar ta fara nuna ɗigo mai duhu ko mai danshi, a tsaya, nama ne ke gaba. Wanda yake kokwanto ya bar farcen da ɗan tsawo, mako mai zuwa yana nan.

Ba dole ne a gama duka goma sha huɗun a zama ɗaya ba. In dabbar ta fara kaɗa haƙora, wanda shi ne gargaɗinta, ko tana ta mutsu-mutsu, a yi ƙafa biyu yau, a bar biyu sai gobe. Minti goma ya isa. A ƙirga yatsun kuma, domin akan samu mai ƙarin yatsa, galibi a ƙafar baya, wani lokaci yana reto da 'yar fata kawai. Farcensa ba ya taɓa ƙasa, don haka ya fi saurin naɗewa. A rage farcen, amma kada a yi gigin cire yatsan a gida.

Ga ɓeran da aka daɗe ba a kula ba, wanda farcensa ya riga ya yi ƙugiya ko ya murɗe, tsarin shi ne a cire bakin kawai, milimita 1 zuwa 2, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu a sake. Kowane zuwa za a tarar naman ya ɗan ja baya. Cikin wata biyu ko uku yawanci farcen yakan dawo kusa da yadda ya kamata, sannan a koma duk wata. Yatsan da ya daɗe a karkace, musamman a tsohuwar dabba, ba lallai ne ya miƙe sarai ba, amma matsin zai ragu, tafiya ta yi sauƙi. A murɗaɗɗen farce naman ma murɗewa yake yi tare da shi, don haka kada a auna da ido a miƙe, a bi lanƙwasar.

To, in jini ya fito fa? Zai fito wata rana, har a hannun likitocin dabbobi yana faruwa. Ɓera mai nauyin kilo ɗaya yana da jini kimanin mililita 70 a jikinsa, ɗigo biyu ko uku ba za su yi masa komai ba. Abin da ake buƙata shi ne kada a saki dabbar. A danna bakin farcen da auduga na minti ɗaya ko biyu ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In bai tsaya ba, a tsoma farcen cikin garin fulawa ko sitaci, a sake dannawa. Shagunan kayan dabbobi suna sayar da hodar tsayar da jini, ta fi sauri amma tana da ɗan raɗaɗi. Dasa bakin farcen a jikin busasshen sabulu ma yana toshe shi. Bayan ya tsaya a mayar da ita kan shimfiɗa mai tsabta busasshiya, a riƙa duba yatsan kwana biyu-uku. Kananzir da baƙin mai da toka da garin barkono, duk waɗanda akan ga ana zuba wa raunin dabba, babu wanda ya halatta a nan. Tana lasar ƙafarta, duk abin da aka sa cikinta zai tafi.

Wannan lasar ce ta kawo ni kan gargaɗin da na fi so mai karatu ya riƙe. Al'ada ce a wurinmu a ɓare kafso a barbaɗa garinsa a kan rauni, ko a jiƙa shi a ruwan sha, kamar yadda ake yi wa kaji. Ga ɓeran Masar wannan kisa ne. Magungunan dangin fenisilin, irin su amfisilin da amoksisilin da Ampiclox, da kuma wasu kamar linkomaisin da kilindamaisin da eritromaisin, suna kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da hanjinsa ya dogara da su wajen narkar da ciyawa. In sun mutu sai masu dafi su cika gurbinsu, dabbar ta daina ci, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Yatsan da ba ya buƙatar komai sai auduga ya zama sanadin ajali saboda an so a kyautata. Haka maganin ciwon jiki na mutane, kada a ba ta sai da awon likita. In ana son wanke rauni, ruwan ɗumi mai ɗan gishiri ya isa, ko ayodin da aka tsarma da ruwa sosai.

Akwai inda aikin ya fi ƙarfin gida: farcen da ya riga ya nutse cikin tafin ƙafa, jinin da ya wuce minti goma bai tsaya ba, farcen da ya tumɓuke ya bar nama a waje, tafin da ya kumbura ko ya yi ɓawo ko yake fitar da mugunya, da dabbar da ta ƙi abinci bayan an gama. Wannan na ƙarshen ba abin jira ba ne, domin hanjin ɓeran Masar ba ya jure zama ba komai a ciki, in ya yi rabin yini bai ci ba ya kamata a nemi taimako. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da tsangayar koyar da likitancin dabbobi, manyan garuruwa kuma suna da asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Yawancin aikin da ke zuwa musu na shanu da tumaki da kaji ne, saboda haka ba laifi ba ne mai dabba ya tambaya cikin ladabi ko maganin da za a rubuta ya dace da ɓeran Masar. Wanda bai taɓa yanka ba kuma zai amfana in ya kai a yi na farko a gabansa.

Akan tambaya ko ba wata hanyar da za ta hutar da mutum daga yankan gaba ɗaya. Babu, amma akwai masu rage shi. Faffaɗan dutse mai santsi da aka ajiye a ƙarƙashin kwanon abinci yana ɗan goge na gaba. Sakin dabbar ta yi yawo a ɗaki ko a wani killataccen gefe na tsakar gida da safe ko da yamma ya fi dutsen amfani, in dai akwai mai gadin ta. Amma kada son goge farce ya sa a zaunar da ita a kan siminti mai kaushi ko a shimfiɗa mata takardar goge katako, tafin ƙafar zai riga farcen cinyewa. Kejin da gindinsa raga ce, irin wanda ake yi wa zomaye don kashi ya zube, shi ne mafi muni: yana yanka tafi, yana kama farce, yana karya yatsa. A rufe ragar da katako ko roba, a zuba busasshiyar ciyawa mai laushi ko ɓawon katakon da ake shimfiɗa wa kajin gidan gona, a riƙa kwashe inda ya jiƙe kullum. Fatar da ta kwana cikin fitsari ba ta da ƙarfin tare ƙwayar cuta.

Abinci ma yana da hannu a lafiyar ƙafa. Ɓeran Masar, kamar ɗan'adam, jikinsa ba ya iya haɗa bitamin C, sai ya samu daga abin da ya ci. A kansa ne ma likitoci biyu 'yan ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa rashin wani abu a abinci ne ke kawo cutar nan mai sa dasashi zubar da jini da gaɓoɓi kumburi. Babban ɓera yana buƙatar aƙalla miligiram 10 a kullum, mai ciki ko mara lafiya kuma ninki biyu zuwa uku na haka. Wanda ake ciyarwa da dusa da busasshiyar harawa kawai, musamman da rani, gaɓoɓinsa za su yi ciwo, ya ƙi tafiya, fatarsa ta yi rauni, ƙaramin yanka ya daɗe yana jini bai warke ba. Koren tattasai da ɗan yankin gwaiba da ɗanyen ganye a kullum suna cike wannan giɓin, kuma sun fi a zuba bitamin ɗin a ruwan sha, inda haske da iska ke lalata shi cikin sa'o'i. In aka ga ɓera yana ɗingishi alhali farcensa daidai yake, tafinsa kuma lafiya, a fara duba kwanon abincinsa.

Tsofaffi, waɗanda suka haura shekara 4, su ne suka fi buƙatar ido. Tafiyarsu ta ragu, farcen ya yi kauri yana saurin tsagewa, gaɓoɓi kuma sun sandare, don haka ba a lanƙwasa musu ƙafa yadda ake yi wa matasa. A bar ƙafar a inda take, a kai almakashin wurinta. Wasunsu sukan fitar da wata busasshiyar kanta a gefen tafin gaba, wadda ke kama da ƙarin farce. In ba ta maƙalewa a komai a ƙyale ta, in tana maƙalewa likita ya rage ta, domin iyakarta da lafiyayyar fata ba ta fita sosai. Irin waɗannan a duba ƙafarsu duk mako, ranar da ake sauya shimfiɗar keji, a yanka duk mako uku ko huɗu.